Maman Afnan da Makarantar 'Yar Fari

Duk Bahaushen da ke Greensboro da Maman Afnan ya san Bebi, alhali kuwa ba Afnan ce babbar 'yarta ba. Hanifa ce babba. Sai dai Bebi 'yar Misau ce, ta tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi ido da ido. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ba ta bar ta a filin jirgin Kano ba, da ita ta sauka Amurka tare da muciyarta da marar tuwo. In tana neman Hanifa sai ta ce "ke", in tana maganarta da mutane sai ta ce "waccan yarinyar". Matan gari suka gane, suka liƙa mata sunan ƙaramar don kowa ya huta.

A Misau abin ba ya cutar da kowa. Uwa ta kau da kai, kaka ta rungume, gwaggo ta yi kitso, inna ta yi ta yabo har kan yaro ya kumbura. Ita kanta Bebi 'yar fari ce, a ɗakin kakarta ta girma, ba ta taɓa jin ta rasa komai ba. Amma a Pleasant Garden, inda ita da mijinta Malam Iliyasu suka samu gida, maƙwabci ma sai ka shiga mota kafin ka kai ƙofarsa. Babu kaka, babu gwaggo. Iliyasu kuma direban babbar mota ne, yau yana Ohio gobe yana Texas. Bebi ba ta taɓa tsayawa ta duba wannan gurbi ba, don ita dama ba mai tsayawa ba ce.

Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, can wajen Sedgefield. Da safe ta yi wa wata tsohuwa wanka ta ba ta magani, da rana ta garzaya gidan wani dattijo mai ciwon mantuwa, ranar Asabar ta soya wa masu suna da biki waina. Shayi ma a tsaye take sha, makullin mota a hannu. In ka ga Bebi a zaune, to ko dai salla take, ko fitilar hanya ce ta tsayar da ita.

Shekarar da Hanifa ke ƙare aji takwas, aka zo maganar sakandare. A garin akwai makarantun da ake kira magnet, waɗanda ba a shigarsu don kawai a unguwar kake, sai ka nema an duba ƙoƙarinka an ɗauke ka. Biyu suka ɗauki Hanifa. Ɗaya tana cikin harabar wata jami'a, inda yara ke fara ɗaukar darussan jami'a tun ba su gama tsawo ba. Ɗayar tana tsakiyar gari, ba nisa da tashar bas, ana karatun boko sosai amma ana haɗawa da zane da tsara abubuwa. Aka ce a zaɓi guda kafin wa'adi ya cika.

Iliyasu daga waya ya yanke nasa hukuncin. "Duk wadda ta fi wuya, Maman Afnan. Ba wasa muka zo ƙasar nan ba." Ya ce ga 'yan sanda a gaba, ya kashe.

Bebi kuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye. Duk da ba ta kallon Hanifa kai tsaye, babu wanda ya kai ta saninta, domin shekara goma sha huɗu tana kallonta ta wutsiyar ido. Ta san in jarrabawa ta matso yarinyar na barin abinci, ta ci farcenta har ya yi jini, ta wayi gari da ciwon ciki. Ta kuma san ranar jajibirin Sallah, in mata suka cika falo Hanifa na zana musu lalle, yadda take mantawa da kanta har ta riƙa 'yar waƙa a maƙoshi. Tsoro biyu ne suka kama Bebi. Tana tsoron ta jami'a ta karya mata yarinya, tana tsoron ta cikin gari ta zama makarantar wasa, a gama a rasa madafa. Abin da take son sani ke nan. Amma da ta buɗe baki, tambaya ɗaya ce ke fita: "Wacce ta fi wuya?"

Ta yi ta a masallaci bayan Juma'a. Ta yi ta a shagon kayan miya na 'yan Afirka, tana riƙe da kuɓewa. Ta yi ta a waya, muryarta har ɗakin yara. Iyayen namu kuwa ka san su, kowa makarantar ɗansa ce ta fi kowacce azaba, kuma da alfahari yake faɗa. Wani Alhaji ya rantse mata ɗansa ya rame saboda lissafi, yana faɗa yana murmushi.

Ta je gidan ƙawarta Zipporah, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, wadda ɗanta Seth ke makarantar cikin jami'a. Kafin a gama gaisawa Bebi ta ɗaga jakar yaron tana auna nauyinta da hannu, yadda ake auna kaza a kasuwa.

"Maman Seth, ai jakar nan ba komai a ciki."

Zipporah ta kwashe da dariya. "Laptop ne kawai, Maman Afnan. Yanzu wahalar ba a jaka take ba. Dubi idonsa."

Bebi ta dubi idon Seth, ta ga ya faɗa. Ta tambaye shi yaushe yake barci, ya ce in homework ya ƙare. Ta ce yaushe yake ƙarewa, ya ɗaga kafaɗa.

Daga nan ta ɓullo da wata dabara. Tsakanin gidan tsohuwa da gidan dattijo sai ta karkata mota ta faka daura da makarantun lokacin tashi, yau wannan gobe waccan, tana leƙen fuskokin yara. Waɗannan suna fitowa kai a ƙasa, waɗancan suna fitowa da fenti a hannu suna ihu. Wata ran kuma sai ta ga akasin haka, masu fenti sun fito a gajiye, 'yan jami'a na wasan guje-guje. Ta koma gida kanta ya ƙara ɗaurewa. Mutum ɗaya ne duk garin ba ta tambaya ba, kuma a gida ɗaya suke kwana.

Ranar da makarantar cikin gari ta gayyaci iyaye, Bebi ta je da Hanifa. Wata malama mai fara'a ta nuna musu ɗakin zane da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, ta yi bayanin cewa su ma ba su wasa da lissafi. Hanifa na ta shafa teburan zanen da yatsa. Sai malamar ta juyo ta ce wa Bebi, "Ba ni labarin 'yarki. Me ta fi iyawa?"

Nan fa ake yinta. Bebi ta ji kamar an ce ta cire ɗankwali a kasuwa. Yabon 'yar fari, a gabanta, ga baƙuwa? Ta sunkuyar da kai ta ce da Turanci, "Tana dai ƙoƙari." Malamar ta ɗan jira ko da ƙari, babu ƙari. Hanifa ta janye hannunta daga teburin ta sa a aljihu. A ranta Bebi ta ce ai na yi abin da ya kamata, ko uwata haka za ta yi.

Ana saura kwana kaɗan wa'adi ya cika, tana cikin ba dattijon nan abinci, Zipporah ta kira.

"Maman Afnan, kin san Hanifa ta riga ta zaɓa?"

"Ta zaɓa? Wa ta gaya wa?"

"Babanta ta kira, ya ce ta danna zaɓinta a kwamfuta, ta danna ta jami'a. Jiya da na kai su laburare ita da Seth take faɗa min. Na ce mata ita kike so? Ta ce, 'Anti, ita Mama ke so. Kullum tana tambaya wacce ta fi hard. Maybe in na yi wannan za ta ce wani abu.'" Sai Zipporah ta ƙara da cewa, "Ni na san al'adarku, ba na raina ta. Amma yarinyar nan a Greensboro aka haife ta. Wa kika bar wa aikin yabonta?"

Bebi ta tsaya da cokali a hannu har dattijon ya buɗe baki ya gaji ya rufe. Duk zirga-zirgar nan, duk man da ta ƙona, ashe yarinyar na ji tana fassarawa da abin da kunnenta ya ba ta. Kuma ba ta yi ƙarya ba, abin da ta ji ke nan.

Da ta tashi aiki ba ta bar Hanifa ta hau bas ɗin makaranta ba, ta je ta ɗauko ta. Suka hau hanya. Sai da suka bar gari, gidaje suka fara nisa da juna, Bebi ta ƙura wa titi ido ta ce, "Ke. Ni ba ta jami'ar nake so miki ba. Tsoro nake ji."

Hanifa ta juyo. Ta amsa da Turanci. "Wato kina ganin ba zan iya ba."

Ka ji rashin sa'a. Maganar farko da uwa ta yi wa 'yarta kai tsaye, ta faɗa a inda ba a nufa ba. Bebi ta damƙe sitiyari.

"Za ki iya. Wallahi za ki iya. Ban taɓa ganin yaro mai kanki ba, ni dai ba na so ki daina cin abinci ne. Na ga hannunki. Na ga yadda kike in kina zane."

"Kin gani?"

"Komai ina gani."

Hanifa ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun tana ƙarama. Bebi ba ta tsaya ba, ba ta juya ba, ta dai miƙa hannu ɗaya ta dafa gwiwarta, suka wuce kwanar gidansu ba ta ma lura ba.

Washegari ta kira ofishin da ke raba guraben, ko za a canza. Aka ba ta haƙuri, an riga an ba yaro na gaba a layi gurbin cikin gari. Iliyasu da ya ji labari ya ce to ai shi ke nan, Allah ya zaɓa. Bebi ta ce amin, amma zuciyarta ba ta kwanta ba, kuma har yau ba ta kwanta ba.

Yanzu Hanifa na makarantar cikin jami'a. Akwai bas da ke kai yara, Bebi ta ce ba ta yarda ba. Ta roƙi 'yar tsohuwar Sedgefield aka ɗan jinkirta mata lokacin wanka, kullum da safe ita ke kai Hanifa. Ta gano cewa a mota kowa gaba yake kallo, maganar da ba ta faɗuwa a falo tana faɗuwa a nan. Tana tambayarta darasi, tana tambayarta ko ta ci, tana satar kallon farcen. Wata ran lafiya lau, wata ran an ci. Har yanzu in ta bi ta tsakiyar gari ta ga masu fenti a hannu, sai ta rage gudu. Abin da ke cinta guda ne: yarinyar nan don kanta take wannan wahalar, ko don uwarta?

Wata safiya ana yayyafi, sun kusa ƙofar jami'ar, ta kasa riƙewa.

"Ki faɗa min gaskiya. Kina son makarantar nan kuwa?"

Hanifa ta daɗe tana kallon ruwan da ke bin gilashi. Ta saɓa jakarta, ta kama marfin ƙofa, sannan ta amsa, wannan karon da Hausa.

"Ban sani ba tukuna, Mama. Amma ina son hanyar zuwa."