Bara'atu, Mai Tambayar Sunan Shanu

Kowace safiya, kafin ta buɗe kwabar magani a ɗakin shan magani na Safana, Malama Bara'atu sai ta bi tsofaffin da ke kan benci da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar nan tsawo gare ta, har masu jiran allura su yi ta gunaguni. Ashe aiki take yi, tana sauraron wanda amsarsa ta fara kwancewa.

Haka ta gano Baffa Sahabi, makiyayi daga Darini, a shekarar 1977. Ciwon gwiwa ya kawo shi. Ta ce, "Baffa, ya Wule da 'yan maruƙanta?" Mutumin da ya san kowace saniya tasa har kakanninta sai ya ce, "Wule wace ce kuma?" Ya yi dariya, amma ta ga tsoro a idonsa.

Dangi suka ce iska ce, a ɗaure shi a turke kada ya ɓata. Bara'atu ta ce sam. Ta shiga a-kori-kura da shi har Zariya, aka manna masa wayoyi a ka, na'ura tana zana motsin ƙwaƙwalwarsa a doguwar takarda. Likita ya ce motsin ya fara nauyi. Cutar mantuwa ce, ba hauka ba, kuma ba ta warkewa.

Ba ta ɓoye wa 'yarsa Asta ba. "Da sauran lokaci, amma ba yawa. Abin da ke kansa, ki kwashe tun yanzu." Damina biyu uban yana jero mata asalin garken, da mashaya, da saiwar da ake ba saniya in cikinta ya kumbura.

Ke ce, Bara'atu, mai kunnen da ya riga na'ura ji. Tsoho nawa kika hana a ɗaure, ke ma ba ki ƙirga ba.

Wannan watan ta ajiye aiki. Asta ta zo da ƙwaryar nono, da furfura a kanta, ta ce na zuriyar Wule ne. "Inna, ranar da ya manta sunana, shanun na kira masa ɗaya ɗaya, yana gyaɗa kai. Ya rasu a kan tabarmarsa, ba igiya a ƙafarsa."

Mun gode, Malama, Allah ya saka. Mu kuma, in mun gaishe da tsoho gobe, mu tsaya mu ji amsarsa.