Mijina da Taɓaryar Aro

Ko yanzu da haƙorana suka ƙare, har jikoki ke yi mini dariya idan ina fama da goro, akwai wata Lahadi a Tawa da ba ta taɓa fita raina ba, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Ranar ce aurena ya kusa mutuwa a bakin turmi.

Abin ya faru 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Ni 'yar Damagaram ce, aiki ne ya kawo babana asibitin Tawa, a nan maigidana ya gan ni ya aure ni. Shi ɗan Kalfu ne, ya yi lakwal, wato makarantar boko, yana aiki a biro, ofishin gwamnati ke nan, ga albashi, ga keke, ga farar riga mai aljihu da alƙalami a ciki. A lokacin duk wanda ya zauna kan kujerar da Nasara ya bari, to ya gama hayewa. Ƙawayena suna ta taya ni murna, ni kuma ina ta hura hanci. Ashe ban san abin da na aura ba.

Kwana bakwai da tarewata na fara ganin ikon Allah. Da an sallame sallar asuba sai mutumin nan ya sa gajeren wando ya fita da gudu, ba wanda ya koro shi, ya kai bakin tabki ya dawo yana haki. Wata safiya har maza uku suka rufa masa baya da sanduna suna tambayar ina ɓarawon ya bi. Ruwan sha kuwa sai an tafasa shi an bari ya huce a tulu, baƙi su kurɓa su yamutsa fuska su ce ruwan gidanmu ba shi da rai. Sannan ya ce shi ba zai ci tuwo a zaure shi kaɗai ba, sai dai mu sa hannu a kwano ɗaya a tsakar gida. Na yi wata guda ina cin tuwo kaina a sunkuye, ina addu'ar kada wani ya yi sallama.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar magana ita ce daka.

Bayan na haifi 'yarmu ta fari, wani ɗan yatsana ya kumbura ya yi ruwa, ko zani ba na iya ɗaurawa da kyau. Ina zaune ina tunanin wa zan roƙa ta yi mini surfe, sai na ji turmi yana amsawa a bayana. Na waiwaya, ga ma'aikacin gwamnati ya naɗe hannun riga, ya yayyafa wa hatsi ruwa daidai kima, yana ta zuba taɓarya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ya fi ni iyawa. Dakansa kuma yana da wani salo: duka uku, sai ya jingina taɓarya a bakin turmi ta ce ƙwas, ya ɗan numfasa, sannan ya sake uku. Na ce, “Don girman Allah ka ajiye, za a ji!” Ya ce, “In an jiya sai mi? Hura za a sha ko kunya?”

Yatsa ya warke, amma daka bai tsaya ba. Duk Lahadi, ranar da ba biro, sai ya karɓe taɓarya ya ce shi ma hannunsa ya motsa. Kuma an ji ɗin. Katangarmu ɗaya da wata gwaggo mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ko allura ta faɗi a gidanmu sai ta san ta wace kusurwa ce. Mata sun san dakan junansu kamar yadda suka san muryar juna, don haka tun ranar farko ta gane ba hannuna ba ne. Kafin wata ya ƙare, labari ya gama unguwa: 'yar Damagaram ta shanye miji, ta zuba masa magani a ruwan nan da take tafasawa. Ni da nake kuka a ɗaki saboda kunyar abin, ni ce na zama mai asiri.

Ana cikin haka, bayan kaka, ya dawo daga aiki wata rana ya ce mini ya miƙa takardar ajiye aiki. Zai koma Kalfu ya noma gonar mahaifinsa da ta yi shekaru tana zama fako. Wai zai jera duwatsu a gicciye su tare ruwan sama. Na ce, “Kai da kake rubutu da alƙalami za ka koma ɗaukar dutse?” Ya ce, “Tun sahe har azahar hatimi nike bugawa bisa takarda. Shekara bakwai, ba ni iya nuna miki abu guda da ya tsiro.” Na yi fushi, na yi kwana biyu ba na kula shi. Amma in faɗi gaskiya, tuni na saba da mahaukacina, kuma ban ga namijin da zan canza shi da shi ba.

Gwaggo mai ƙuli-ƙuli ba ta yi ƙasa a gwiwa ba, ta ba masu zuwa kasuwa saƙo har Kalfu. Amsa ta dawo daga surukata, Inna, a gajarce: tana nan tafe ranar Lahadi, ranar kasuwa, kuma ba za ta koma ba sai an raba ɗanta da matar da ta juya masa kai. Maigidana ba ya jin maganar kowa a duniya, amma shi kaɗai ne ɗanta, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, kuma na san idan Inna ta ce ba ta yafe nononta ba, ko yana kuka zai rubuta mini takardar saki. Ga ni da goyo, babana kuma an riga an mayar da shi Damagaram.

Sai na shirya. Daren Asabar bai yi ba sai da na roƙe shi ya yi mini alkawarin gobe ba gudu, ba kwano ɗaya. Ya yi dariya ya ce to. Daka ne na manta ban sa a cikin alkawarin ba, amma na yi dabara, na ɗauke taɓaryarmu na cusa ta ƙarƙashin gado na rufe da tabarma. Da hantsi na goya 'yata na fita bakin hanyar Kalfu don in tari Inna, in nuna mata ni mai ladabi ce.

Na same ta ta sauka daga jaki, 'yar tsohuwa busasshiya, kafaɗarta ta dama ta ɗan karkace. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa da hanci. Na karɓi ƙunshinta, muka kamo hanya tana gaba ina baya. Muna shiga lungunmu sai na ji shi. Duka uku, ƙwas. Duka uku, ƙwas. Daga baya na ji yadda aka yi: da ya nemi taɓarya bai gani ba, sai ya leƙa ta katanga ya ari ta gwaggo mai ƙuli-ƙuli. Ita kuwa har da goge ta da zani ta miƙo masa, ta ɗauko kujera ta zauna ƙofar gida tana jiran kallo.

Inna ta tsaya cak, ta karkata kunne. A karon farko ta dube ni.

“Wa ka daka gidanku?”

Ba ta jira amsata ba.

Ta ce, “Ko wace ce, ɗiyar gidan ƙwarai ta. Ji hannu! Hakanga aka daka garinmu, ba irin naku na birni ba kamar ana kashe kunama. Da wagga yaron ga ya aura, da ban yi wagga tahiya ba.”

Na ce, “Haka ne, Inna.” To me zan ce?

Ta wuce zaure da saurinta don ta ga wannan 'yar albarka. Ga ɗanta nan tsakar gida, da singileti, zufa na zuba, dusa ta yi masa fari a gira. Ya ajiye taɓarya ya durƙusa ya ce, “Inna, sannu da hanya.” Ita kuwa ta juya masa ƙeya ta fuskanci katanga.

A nan sai in yi wa yaran yanzu bayani. Maigidana ɗan fari ne, kuma matan wancan zamani ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa kallonsa ido cikin ido, ba sa yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Sai dai a samu wani a tsakani. Inna ta duba hagu ta duba dama, ba kowa a gidan sai ni da jaririya. Haka na zama tafinta a shari'ar korata.

Ta ce, “Ke, ce ma mai gidan ga, abin da ni ji da kunnena na gani da idona.”

Na juya na ce, “Inna ta ce ta gani da idonta.”

“Ce mishi ɗan da ni haihwa ba ya aje aikin gwamnati shi kama aikin mata. An yi mishi wani abu.”

Na faɗa.

“Ce mishi shi sallame ki yau.”

Wallahi na buɗe baki zan faɗa, don tsabar ladabi. Na kai “Inna ta ce ka…” sai hawaye suka zubo mini. Na tsaya ina kallon turmi, 'yata tana wasa da bakin ɗankwalina, ba ta san ana raba ta da gidan ubanta ba. Ta saman katanga kuwa ina hango ɗankwalin gwaggo.

Maigidana bai tashi daga durƙuso ba. Ya dube ni ya ce a hankali, “Ce ma Inna, duk abin da ta ce shi za a yi. Amma ki tambaye ta, shekarar da baba ya rasu, da saniya ta hizge ta bakin rijiya kahwaɗarta ta goce, wa ya yi muna daka damana guda?”

Ban kai ga maimaitawa ba, ta ji. Na ga bayanta ya ɗan motsa.

Ya ce, “Ce mata ita ta aza ni bisa dutsi don in kai bakin turmi, ta rihe ƙohwa kada a gani. Ita ta gwada mini da hannu guda: uku, ta huta, uku, ta huta. Ni kahwaɗata lahiya lau take, amma har yau ban iya na huɗu ba. In magani ne, to ba Damagaram anka haɗa shi ba.”

Sai a lokacin na gane mene ne ƙwas ɗin nan da na yi wata da watanni ina jin haushinsa. Ciwon kafaɗar uwarsa ne yaro ɗan shekara tara ya haddace, ya ɗauka haka ake daka. Kuma shi ne ita ma ta ji daga lungu ta yaba, ba ta san hannunta take yabo ba.

Inna ta daɗe tana kallon katanga. Ta ja bakin mayafi ta share fuska, wai ƙaiƙayi ne ya shiga idonta. Sannan ta tako zuwa turmi, ta damƙi hatsin ta murza a tafin hannu, ta taɓe baki.

“Ce mishi surhen bai yi ba.” Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke kuma, gidan ga babu taɓarya sai ta aro?”

Da gudu na shiga ɗaki na jawo tamu daga ƙarƙashin gado, duk da yanar gizo a jikinta. Ta karɓa, ta tsaya ta wannan gefe, ɗanta ya tsaya ta wancan, har yanzu ba ta dube shi ba. Ta sauke, ya sauke. Uku, ƙwas, su biyu a tare, kamar ba shekara ashirin ne tsakani ba. Ni kuwa ina tsaye ina kuka ina dariya. Da suka gama, Inna da kanta ta miƙa wa gwaggo taɓaryarta ta saman katanga ta ce, “An gode, kin ga kallo ya ƙare.”

Maganar saki ba ta sake tashi ba. Ruwanmu dai ta ƙi sha ranar, ta ce a kawo mata mai rai. Kafin damina muka tattara muka koma Kalfu, inda mutane suka samu abin dariya na shekara biyu suna kallon mai alƙalami yana jidar duwatsu, a ta uku wasu suka fara jera nasu a ɓoye. Inna ta zauna tare da mu har ƙarshen ranta, kuma har ta koma ga Allah ni ce tafintarta. Sai dai saƙonnin sun canza, sun koma “ce mishi shi ci abinci,” da “ce mishi rana ta yi zahi.”

Yau duk sun rigaye ni. Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin in kira ɗabi'ar mutum hauka, in fara tambayar inda ya samo ta, don sau da yawa akwai wani da ya so a bayanta. Jiya ma jikata tana daka a tsakar gida, yarinyar da ba ta taɓa ganin Inna ba, na ji ta yi uku ta tsaya. Ta ce, “Kaka, me ya sa kike kallona?” Na ce mata babu komai, ta ci gaba, hannunta ya yi kyau.