Ƙwayar da Baba Bai Sha Ba a Hanyar Kumasi

Daga Nima zuwa Circle

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Nima, unguwarmu a Ankara babban birnin ƙasar, ni da Baba, masu koko suna ta hura wuta a bakin kwata. Ƙarshen Disamba ne, lokacin Bronya, wato Kirsimetin mutanen nan, an ba mu hutu a kwalejin malamai. An yi wa ƙanensa Baba Sule jika a Zangon Kumasi, za mu suna.

Baba tela ne, yana da hawan jini. Likita ya ba shi wata 'yar farar ƙwaya ta kowace safiya, ya ce kada ya tsallake ko sau ɗaya. Aibinta ɗaya, tana sa yawan fitsari. Maama, mahaifiyata, ta ƙulle min ƙwayoyin a bakin mayafi, ta ce, "Rakiya, ga amanar babanki."

A tashar Circle ko'ina kai ne da kaya. Na sayi ruwa na miƙa masa ƙwayar. Ya dubi direba ya ce, "Masta, za ka tsaya a hanya?"

Direba ya yi dariya. "Alaji, Bronya ne fa! Motan nan bai tsayawa. In sauke ku in juyo."

Baba ya mayar min da hannuna. "Ajiye, 'yar boko. Da furfurata zan tsayar da mota saboda fitsari, mata suna kallo? Kuma ina da alwala. Sai mun isa."

Nsawam, Nkawkaw

A Nsawam masu burodi suka yi ta cuso shi ta taga. Sojoji suka tare mu a shinge, suka bubbuga buhunan kaya, suka sake mu. Gaba kaɗan muka wuce wata mota a kife cikin rami, takalmin wani yana kan kwalta. Na yi ta salati, ina ganin abin tsoron tafiyar ke nan. Duwatsun Nkawkaw sun yafa hazo kamar masu takaba, na shagala ina shirya musu baiti a zuciyata. Baba yana gefena yana tauna goro, yana murza goshi.

Zangon Kumasi

Mun isa bayan azahar. Ya ce ƙwayar safe ce, lokacinta ya wuce. Matar Baba Sule ta kawo tuwo da miyar koobi, kifin nan da ake busarwa cikin gishiri. Na matsa na ce a hankali likita ya hana shi. Ta riƙe baki.

"Ee, yaya, yanzu girkina ya zama guba? Mutanen Ankara!"

Baba ya harare ni, ya wanke hannu, ya cinye tas don kada ta ji kunya.

Ranar suna tun sassafe ya zauna tsakiyar malamai. Na tare shi a bakin zaure da ƙwayar. "Ana addu'a ina tsallake manya ina neman buta? Gobe, uwata, gobe." Da goben ta zo kuwa, ranar komawa ce, motar Bronya kuma ba ta tsayawa. Na yi kuka, ya shafa kaina ya ce idona ya cika kusa da ruwa.

Komowa

Bayan mun bar Nkawkaw ya ce kansa yana sarawa. Can sai goron ya faɗo daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Na dubi fuskarsa, bakin ya karkace gefe guda, yana kiran sunana amma ba ya fita.

Ban san ina da irin wannan murya ba. Direban, wanda shi ma ya rantse ba ya tsayawa, ya taka burki. Wata mai sayar da doya ta kwance ɗankwalinta tana yi masa fifita, tana yi masa sannu da yarensu, "Papa, kafra, kafra." Ashe da ya ce a tsaya, da an tsaya. Babu wanda ya yi gunaguni, ko mutum ɗaya.

Wani asibiti a bakin hanya aka kai mu. A nan sabuwar shekara ta same mu, yara suna fasa nokawut na wasan wuta a waje, ana kiɗa a coci, ma'aikatan jinya suna yi wa juna "Afehyia pa," wato barka da sabuwar shekara. Ni ina riƙe da hannun da ya ɗinka min kowace rigar salla tun ina rarrafe, yana kwance cikin nawa kamar ba shi da mai shi.

Nima

A tasi muka shigo unguwa, maza suka ɗauko shi daga bakin titi, don lungunmu mota ba ta shiga. Maama ta kwance bakin mayafina, ta ga ƙwayoyin yadda ta ƙulle su.

Na gode wa Allah da ya dawo mana da shi da rai. Na gode wa direban, da mai doyar da ban san sunanta ba. Keken ɗinki an rufe shi da zane. Yanzu kowace safiya Baba yana shan ƙwayarsa ba gardama, in ta motsa shi kuma, Maama ce ke ɗaga shi, ni in kawo tasar fitsari, shi kuwa ya juya fuskarsa bango.