Ranar da Aka Zazzage Ɗakin Kati

Ɗan gwaggona, wanda nake kira Tsohon Kati don in ga ya kumbura, shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin katin wani ƙaramin asibiti. Ɗakin bai fi banɗaki ba, amma katunan da ke ciki, wallahi in aka jera su sai sun taɓo wata. Ba lamba, ba tsari, komai a kansa yake. Ka ce masa, "Matar nan mai tari, da ta zo shekarar da fanka ta faɗo," sai ya miƙa hannu ta baya ya zaro. Ko zazzaɓi yake, sai an tura mota ta ɗauko shi. Kuma yana jin daɗin hakan, kar ya yi muku ƙarya.

Sai aka ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, gwajin wata uku. Ta ce a ba kowane kati lamba, a manna masa tef mai launi. Nas-nas suka sa mata suna Injiniya. Ni na ɗauka zai cinye ta ɗanya, sai kawai ya ce, "Ƙanwata, gwada mu gani."

Ranar Litinin rabin katunan na zube a ƙasa, layi har bakin titi. Katin wani dattijo mai ciwon suga ya ɓace awa biyu. Ashe Injiniya ce ta manna masa shuɗin tef a maimakon ja. Shugaban asibiti ya sauko yana huci.

"Wa ya ce a taɓa ɗakin nan? Ke, gobe kar ki wahalar da ƙafarki."

Tana tsaye da tef a hannu.

"Ranka ya daɗe, ni na sa ta," in ji ɗan gwaggona. "Tef ɗin ma ni na manna, idona ya fara tafiya. In na faɗi gobe, wa zai nemo katin bawan Allahn nan? A ba mu zuwa Juma'a."

Mutumin da yake hango allura daga hayin titi, wai idonsa ya tafi!

Kwana huɗu yana durƙushe yana kiran sunaye, tana rubuta lamba. Ranar Juma'a shugaban ya kira mai shara, ya ba ta lamba a takarda. Kafin ya gama gyara tabarau ta miƙo katin. A ranar aka tabbatar wa Injiniya da aikinta.

Da yamma na same shi a ƙofar gida yana shafa mai a gwiwa, kwalbar man a buɗe a gefensa.

"Tsoho," na ce, "yanzu fa ko akuya za ta iya aikinka."

Ya daɗe yana murza gwiwar.

"'Ya'yanta biyu, mijin ba lafiya," ya ce. "Kuma tsarinta ya fi nawa. Miƙo min murfin nan."