Farin shawul ɗin da Inna ta saƙa

Ɗana bai kai suna ba. An haife shi a Manchester, ya yi 'yan kwanakinsa cikin kwalbar asibiti, ya koma. Ragon da maigidana ya yi wa magana a wurin mahaucin unguwarmu ta Longsight, sai waya ya yi ya ce a bari.

Ni dai ban ji komai a raina ba. Ina ci, ina salla, ina hawa bas a Stockport Road in tafi ɗakin bincikenmu na jami'a in dawo. Likitan unguwa ya sa ni a layin masu jiran a yi musu magana kan rashi, ya ce layin da tsawo, gwamnati ta rage ma'aikata. Na ce to. Ba ni da abin faɗa ma.

Kayan jaririn ne suka tsaya mini. Jaka guda Inna ta aiko daga Kano, har da farin shawul da ta saƙa da hannunta, ta turara shi da turaren wuta. Jakar na bayan ƙofar ɗakinmu, kullum sai na yi tuntuɓe da ita. Inna ta ce a waya, "Ki bayar sadaka, 'yar nan. Kaya ba a ajiye su suna kallon mutum." Na ɗauka na kai cibiyar yara ta unguwa inda ake karɓar irin wannan, na tarar hukumar gari ta rufe ta. Na dawo da kayana.

A ɗakin binciken akwai wata Bayahudiya da muke tebur ɗaya, cikinta ya tsufa. Mutuniyar kirki, mai surutu kamar rediyo. Wata rana na kinkimo jakar na dire mata. Ta leƙa, ta taɓa shawul ɗin, sai ta janye hannu. Ta ce ta gode ƙwarai, amma ba za ta iya kai su gida yanzu ba. Ta fara wani bayani, ban tsaya ji ba. Me zan ji? Kayan mamaci ne, tana tsoron in shafa mata. A raina na ce, ashe har da masu digiri. Na tura jakar ƙarƙashin tebur da ƙafa, na bar ta nan, na daina gaishe ta. Ni da fushi ba a gaya mini, ko a lokacin da ba na jin komai wannan bai bar ni ba.

Ta tafi Birmingham gidan mahaifiyarta ta haihu a can, kamar yadda muke zuwa wankan gida. Sai ga saƙo: namiji ne, ranar da aka haife shi in ta zagayo za a yi masa kaciya a raɗa suna, don Allah in zo. Na ce ba inda za ni. Maigidana ya ce, "Haba, ke kuwa. Barka ce, ba a ƙin barka." Na hau jirgin ƙasa da sassafe don kawai ya ƙyale ni.

Gidan cike yake, maza da 'yan ƙananan huluna a tsakar kai, tebur da kifi da burodi. Ina shiga mahaifiyarta, wata gajeriyar tsohuwa, ta kama hannuna ta ja ni sama. Mai jegon na zaune a bakin gado. A gefenta jakata ce a buɗe.

Tsohuwar ta ce, "Mu ba ma shigar da kayan jariri gida sai ya zo duniya. Ko safa ba ma saye. Tsoron baki muke, haka uwata ta yi, haka na yi. Ranar da ta haihu muka aika mijinta ɗakin bincikenku ya ɗauko jakar."

 Wato duk gabar nan ni kaɗai nake yin ta.

Tsohuwar ta ci gaba da cewa a al'adarsu mace ce ke karɓar yaron daga hannun uwa ta kai shi bakin ƙofar da maza suke, kuma akan ba wadda ake roƙa wa haihuwa. Mai jegon ta ce, "In ba za ki iya ba, ba komai."

 Sai ji na yi an ɗora mini matashi a hannu, yaron a kai, an naɗe shi da shawul ɗin Inna. Tun asibiti ban ɗauki jariri ba. Na sauko matakala a hankali, mutane suka miƙe tsaye suna wata addu'a da yarensu. Abin da na ji shi ne nauyi, da ƙamshin turaren gidanmu. A bakin falo wani namiji ya karɓe shi, aka ɗora shi a cinyar kakansa. Mai kaciyar ya yi aikinsa da sauri, ya fi wanzamanmu sauri ma, yaron ya tsala ihu. Aka yi addu'a, aka faɗi sunan da ƙarfi, ɗakin ya ɗauka. Sai a nan na san su ma ɓoye suna suke yi har ranar.

Ban yi kuka ba. Na ci kifin, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da zan tafi na hau sama in yi wa mai jegon sallama. Ta gama ba shi nono ke nan, ya yi tumbuɗi, ya ɓata gefen shawul ɗin. Ta rikice, ta hau gogewa tana ba ni haƙuri, wai za ta wanke shi tas ta mayar mini in ina so.

Na riƙe mata hannu na ce ta bari. Tun da Inna ta saƙa shi, sai ranar nan ya yi datti.