Sandar Ƙarfe ta Ƙarshe

Shekarar da soja suka koma bariki, ɗana na fari yana aikin kammala karatun injiniya. Injin fere ƙarfe na makarantarsu ya mutu, sai ya ari na shagon maƙwabcinmu a Ƙofar Kaura. Bango ɗaya ne tsakanin shagon da madafina.

Ni ban yi boko ba, amma ya yi mini bayani. Sandar ƙarfe zai fere sumul, a auna santsinta. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar yi, ta lalace ke nan. Biyu sun tafi haka, saura ɗaya.

Na ce, "Ka jira wutar farar hula mana, ba sun ce za ta zauna ba?"

Ya yi dariya. "Inna, malamina ba zai jira ba."

Ranar da ya ɗora ta ƙarshen, ina tankaɗe, kunnena yana bango. Na ji kukan injin ya yi ƙasa, yana ja kamar mai mura. Na san abin da ke tafe: za a ɗauke wuta. Na miƙe da rariya a hannu, na rasa inda zan nufa. Ina tsaye tsakar gida injin ya yi shiru.