Garwashin Ɗakin Abakar

Ranar wata Litinin a watan Janairu, shekarar da nake aji huɗu a lekol, wato makarantar boko, aka dawo da Inna daga asibiti da wani ɗan ƙunshi a cikin zani. Na ɗauka kayan wanka ne, sai da ƙunshin ya motsa. Ƙanena ne Abakar, bakwaini, wanda ya zo duniya lokacinsa bai yi ba. Tsintsiyar hannunsa ba ta fi babban yatsan Baba kauri ba, kukansa kuwa kamar na ɗan kyanwa. Ungozomar asibiti ta yi ta nanata wa Baba magana ɗaya da Larabci, cewa kada a bari sanyi ya taɓa yaron. Ga shi a tsakiyar hunturu muke, lokacin da iskar kogin Shari ke ratsa lungunan unguwarmu ta Marjandafak da sassafe har ruwan randa ya gagari hannu.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita ta ɗauki nauyin ɗumama ɗakin. Iyayenta mahajjata ne da suka taso daga ƙasar Hausa, guzuri ya ƙare musu a nan, suka zauna. A hanya aka goye ta, don haka babu irin wutar da ba ta san hurawa ba. Sai dai gwiwoyinta sun daina yarda da tsuguno, ta ce ni zan zama hannunta. Daga ranar na bar carafke da 'yar gala-gala da muke yi a ƙofar gida, na koma gindin murhu. Ita tana kan kujerarta da carbi, ni ina ƙasa ina share hawayen hayaƙi.

Ta koya mini zaɓen itace a wurin mai amalanke, in ɗauki marke ko bagaruwa masu nauyi, in bar fararen nan marasa ƙwari da ke ci kamar takarda. Ta nuna mini yadda ake jera ƙirare a ƙasa, a gicciya manya a kai, a bar wa iska hanya. A tsakar gida ake yin wannan duka. Sai itacen ya cinye ya zama jan garwashi, babu ko zaren hayaƙi, sannan a kwashe shi a kaskon ƙasa, a barbaɗa toka a sama don ya daɗe, a kai ɗaki nesa da katifa, a kuma bar taga a ɗan buɗe. Maƙwabta ganun suke amfani da shi, murhun nan na waya, amma Iya ta ce yana zubar da wuta a tabarma. Takan ce, "Wutar da ba ta gama fushinta a waje ba, ba a shigar da ita ɗaki."

Kafin a yi arba'in zazzaɓi ya kwantar da Iya. Baba kuma ya tsallaka kogi zuwa garin Kusuri sayo kaya. Da safen nan sanyi ya fi na kullum. Na hura wuta, itacen ya kama ke nan yana tuƙaƙa hayaƙi, sai na ji muryar Inna daga ɗaki, muryar da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Mariya! Kawo wutar nan, ƙafafunsa sun yi ƙanƙara!"

"Inna, ba ta gama ba."

"Kawo ta haka nan, ya ƙi kama nono!"

Na ɗauki kaskon, na ajiye. Na sake ɗauka. Ban taɓa ƙin maganar Inna ba, amma na tuna yadda hayaƙin nan ke shaƙe ni a fili, balle ƙirjin da bai kai tafin hannuna ba. Na ruga ɗakin Iya. Ba ta iya ɗago kai ba, cewa kawai ta yi, "Ki ce ta sa shi a ƙirjinta, fata da fata, ta lulluɓa. Ke kuma koma ki yi fifita."

Na isar da saƙon ta bakin labule, na koma na kama mafici da hannu biyu. Ina fifita ina kuka, ina karanta duk surar da na iya, ina kasa kunne ko zan ji motsinsa. Shiru. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, ni dai a wurina ya fi yini tsawo. Da harshen wutar ya kwanta, garwashin ya yi ja wur, na kwashe, na rufa toka, na shiga. Inna ba ta dube ni ba, idonta na cikin bargo. Ɗakin ya fara ɗaukar ɗumi a hankali. Can sai muka ji ɗan atishawa, sannan kukan kyanwar nan, sannan ƙarar tsotso. Inna ta miƙo hannu ta jawo kaina ta haɗa da kafaɗarta.

Yanzu gidan namu an rushe shi an yi shaguna, Iya da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya. Tukunyar gas ce a madafata, kuma 'ya'yana ba su san bambancin marke da bagaruwa ba. Ban ce wancan zamanin ya fi yanzu sauƙi ba, idanuna shaida ne. Amma ina kewar zaman nan na safe, tsohuwa a kan kujera, yarinya a ƙasa, ana jiran wuta ta huce. Abakar yana unguwar Tukra da matarsa da yara uku, ƙato ne mai yawan dariya, zafin gari kawai yake kuka da shi. In ya zo gaishe ni nakan riƙe hannunsa in daɗe, har ya ce, "Yaya, lafiya?" In ce lafiya lau. Bai san ɗuminsa nake dubawa ba.